Musayar Baiti: Me Ya Hana Galaksin Sunbula Haihuwa?

Gamzaki:
Assalamu alaikum. Fagenmu na yau shi ne gungun Sunbula, taron galaksi (wato manya-manyan tarin taurari) fiye da 1,000 da haskensa ke shafe kimanin shekara miliyan 54 kafin ya iso mu, inda da yawansu suka daina haihuwar taurari. Amsa-amo "wa" ne.

Akwai iska mai zafi a tsakaninsu,
Zafinta ya kai miliyoyi a aunawa.
Baƙuwar galaksi in ta kutso da gudu cikinta,
Gas ɗinta mai sanyi ake sheƙewa.
Kamar mai shiƙa ta ɗaga ƙwarya,
Ƙaiƙayi ya tafi, tsaba ke saukowa.
Masana Gunn da Gott suka faɗa a 1972,
Har yau ba a samu mai rushewa.

Zara:
Malam Gamzaki, ka kira iri ƙaiƙayi,
Wanda ya san gona ba ya amincewa.
Gas ɗin nan shi ne irin taurari,
Sai ya dunƙule suke tsirowa.
Kuma ba guguwa kaɗai ke kisa ba,
Akwai yunwa mai zuwa da lallaɓawa.
A kwashe rumbun da ke kewaye da galaksi,
Ta cinye na hannu, wuta ta soma macewa.

Wannan bayanin masana taurari Larson da Tinsley da Caldwell ne, na 1980.

Kaza-da-'Ya'ya:
Allah ya ƙara basira, Yaya Zara! Baiti huɗu kacal, kin kwance wa Malam rawani a gaban jama'a.

Ɗan Buruji:
A bar yabo tukuna. Allah ya gafarta Malam, ɗangon da ka cusa shekara a cikinsa ya karye, domin duk wanda ya furta "dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in da biyu" ya bar karin waƙa na Mutaƙarab a baya tun kafin ya kai rabi.

Gamzaki:
Ban yi alkawarin Mutaƙarab ba, ƙanena, kuma kunnen mawaƙi ya riga arulin littafi zuwa ƙasar Hausa. Malama, ga amsarki:

Yunwarki a ɓoye take, wa ya gan ta?
Tawa hujjar madubin hangen nesa ke nunawa.
Dubi galaksi NGC 4522 a Sunbula,
Gefenta ya zube, tsaka ke haskawa.
Galaksi ESO 137-001 a gungun Norma,
Jelar gas take ja tana tserewa.
Tsawonta shekarun haske dubu 260,
A cikin jelar ma ana haihuwa.

Ɗan Buruji:
Yanzu kuma lambobi uku a baiti huɗu! Wannan ai rajista ce aka yi wa amsa-amo.

Kaza-da-'Ya'ya:
Kai da ba ka kawo ko ɗango ɗaya ba, da wane baki kake auna na dattawa?

Zara:


Malam, ka nuna mini masu jela,
Marasa jela fa, wa ke ƙirgawa?
Masani Dressler ya duba gungu 55,
Inda cunkoso ya yi, jajayen galaksi ke yalwatuwa.
Tsofaffin taurari ne suka rage musu,
Shuɗin ƙuruciya ya gama dushewa.
Wasu tun a ƙananan rukuni suka rame,
Kafin gungun ya yi musu marhabin zuwa.
To, galaksi M87 da ke zaune a tsakiyar Sunbula,
Wace iska ta sheƙe ta, in kana iyawa?