Wai Mountbatten ɗan gidan sarautar Ingila ne?

Bazazzagiya: Jama'a don Allah Lord Mountbatten ɗin nan da ya yi gwamnan Indiya a 1947, jinin sarauta ne ko naɗi kawai aka mishi?

Malamin tarihi: Hajiya ai jini ne, tattaɓa-kunnen Sarauniya Victoria ne kuma kawun Yarima Philip mijin Sarauniya Elizabeth, yayarsa Louise ta zama sarauniyar Suwidin, ƙanwar mahaifiyarsa kuwa matar sarkin Rasha ce da aka kashe a 1918. Sunansu ma Battenberg ne, a 1917 suka canza saboda ƙyamar Jamus.

Ɗan Kantin Kwari: Malam ka manta zancen kuɗi. Matarsa Edwina jikar attajiri Ernest Cassel ce, aminin Sarki Edward na 7.

Bazazzagiya: Ikon Allah, ita ce aminiyar Nehru, firayim ministan Indiya na farko, ko?

Malamin tarihi: Ita ce, har ta rasu a 1960 suna musayar wasiƙu.