Ambaliya, ruftawa ko zaftarewa?

Jama'a, ina so mu tsaya a kan suna ɗaya ga abin da Turawa ke kira avalanche, wato dusar ƙanƙarar da ke ɓallowa daga jikin tsauni ta binne masu hawa da masu wasan zamiya lokacin hunturu. Iri uku nake gani ana rubutawa: ambaliyar dusar ƙanƙara, ruftawar ƙanƙara, da zaftarewar dusar ƙanƙara.

Ambaliya dai ban yarda da ita ba, don tana yaudarar mai karatu. Zai ɗauka abu ne mai tahowa daga nesa, ka hango shi ka kauce. Alhali kusan tara cikin goma na waɗanda abin ke rutsawa da su, su ne ko abokan tafiyarsu ke tayar da shi. Dusar hawa-hawa take kwanciya. Idan ta sama ta haɗe ta zama falle guda a kan wata mai rauni, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsaga ta, sai fallen ya sulale gaba ɗaya, kai kuma kana kansa. Gangara mai karkatar digiri 30 zuwa 45 ta fi yin haka.

To, ai wannan shi ne zaftarewa, yadda muke cewa ƙasa ta zaftare. Ruftawa kuwa ta rami ce ko rufin ɗaki, abin da ke faɗawa ciki. Kuma don Allah a daina yar da "dusa", ƙanƙara kaɗai wani abu ne daban.

Abin da ya sa na nace: gargaɗi ake fassarawa da kalmar nan. A Turai matakan haɗarin 1 zuwa 5 ne, kuma a Suwizalan kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke faruwa, lokacin da mutum ke ganin da sauƙi.

Saura sunan na'urar da ake so kowane mai hawa ya ɗaura a jiki, mai aika sigina a kan mita 457 kilohaz don a gano inda ya binnu. Da dusar ta tsaya takan ƙame kamar siminti, bayan minti 15 kuma damar ciro mutum da rai tana raguwa sosai, don rashin iska ke kashe yawancinsu. Cikin kayan ceto, shebur muna da sunansa, dogon ƙarfen da ake soka wa dusar kuma "sandar lalube" ta dace da shi. Na'urar ce ta tsaya mini. Ni dai "rediyon ceto" nake gani. Wa ke da wadda ta fi ta?