Tiyatar Karkatar da Hanji da Ciwon Sukari Nau'i na Biyu: Abin da Tattaunawa Ta Tsaya a Kai

A tattaunawar da ake yi kan tasirin wannan tiyata ga ciwon sukari, an fi daɗewa a kan tambaya ɗaya: me ya sa sukari ke sauka cikin 'yan kwanaki bayan tiyatar Roux-en-Y (wadda ake ƙanƙanta tumbi a haɗa shi da ƙaramin hanji daga can gaba), tun ƙiba ba ta fara zubewa ba? Amsar da aka fi gamsuwa da ita ita ce, ban da ƙarancin ci, abinci na tsallake yawancin tumbi da farkon ƙaramin hanji, sai jiki ya ƙara fitar da sinadarin GLP-1 mai zaburar da insulin.

Waɗanda suka fi cin moriya su ne waɗanda ciwon bai daɗe a jikinsu ba, musamman waɗanda ba su fara allurar insulin ba. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin ciwon sukari na duniya suka fitar a 2016 sun ba da shawarar tiyatar ga mai ma'aunin BMI (awon nauyi gwargwadon tsayi) 40 zuwa sama, ko 35 idan magani ya kasa.

Kalmar "warkewa" ce ta jawo gardama, kuma a ganina masu taka-tsantsan ne da gaskiya. Ciwon lafawa yake yi, wato HbA1c (gwajin jini mai nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku) ya tsaya ƙasa da kashi 6.5 cikin ɗari na aƙalla wata 3 ba magani, amma yakan dawo wa wasu bayan shekaru. Don haka ba a daina gwaji.

Bitamin B12, sinadarin ƙarfe da kalsiyam kuwa, shansu har iya rayuwa ne bayan tiyatar. Abu mai zaƙi na iya kawo jiri, zufa da gudawa, wani lokaci sukari ya faɗi warwas. Kada a taɓa rage magani sai da izinin likita. Mata su jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18.