Ɓeran da babu shi ko'ina sai a tsaunin Gotel, yaya aka yi haka?

Ɗan Gembu: Salamu alaikum jama'a. Jiya malaminmu ya ce akwai wani ɓera, Praomys obscurus, da ba a taɓa samunsa ko'ina a duniya ba sai a tsaunukan Gotel, can wajen Chappal Waddi a Taraba. Abin ya ɗaure min kai. Ɓeran da na sani har cikin buhun masara yake shiga mota ya bi ta Jalingo. Me ya hana wannan saukowa?

Malam Na-Bayan-Dutse: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka haɗa ɓeran gida da ɓeran kurmi, alhali ba halinsu ɗaya ba. Na gida ya saba da mutum. Wannan kuwa rayuwarsa a kurmin kan dutse take, cikin sanyi da laima, inda hazo ke sauka kullum. Chappal Waddi ya kai mita 2,419. In ya gangaro, ciyawa ce da zafin rana da shaho, ba zai kai labari ba. Kowane kurmin kan dutse kamar tsibiri yake.

Yadda ɓerayen suka hau tun farko kuma, a zamunnan da duniya ta yi sanyi, dajin tsauni ya sauko ƙasa-ƙasa har ya kusa haɗewa da na maƙwabta. Da zafi ya dawo, dajin ya koma sama, ya tafi da su. Shekaru dubbai ba sa cuɗanya da 'yan uwansu, sai kowanne ya zama iri na daban.

Hajiyar Bamenda: Ƙanena, leƙo nan Kamaru ka sha mamaki. Dutsen Oku, mita 3,011, yana da nasa ɓeran, Lamottemys okuensis, wanda aka bayyana a 1986. Ba jinsinsa kaɗai ba, har rukuninsa na Lamottemys kaf babu shi a wani wuri. Kurmin Kilum-Ijim ne gidansa, gonaki kuma sun kewaye shi.

Ɗan Gembu: To Hajiya, da ido ana gane su?

Mai Tarko: Ina fa! Na taɓa raka masu bincike hawa dutse. Da yamma mu ɗana tarkon gwangwani mai ƙofa, mu shafa tunkuzar gyaɗa a ciki, da asuba mu zaga, raɓa ta jiƙa mu sharkaf. Abin da ka ciro, wallahi sai ka ce ɓeran rumbu. Sai an auna jela da kunne da ƙafar baya, an duba ƙoƙon kai da haƙora. Jaba ma ta fi wuya, wata ba ta kai babban yatsa ba, kuma tana iya mutuwa a tarko in an makara, don ba ta jure yunwa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne bakin kurmin. Inda aka cinna wa ciyawa wuta da rani don shanu su samu sabon toho, gawayi ne har gindin itatuwan farko.