Wai da damo aka ci ganuwar Sinhagad?

Ɗan Zariya: Jama'a, abokin karatuna a Pune ta ƙasar Indiya ya kai ni Sinhagad, ganuwar da ke bisa dutse kudu maso yammacin garin. Ɗan rakiya ya rantse cewa a 1670 Tanaji Malusare, jarumin Shibaji jagoran Maratha, damo ya ɗaura wa igiya a kugu, damon ya haye dutsen cikin dare ya maƙale, mayaƙa suka bi igiyar. Har suna gare shi, Yashwanti.

Baba Maharbi: Ɗana, na kama damo ya fi a ƙirga. In ya shige kogon dutse ya kumbura jiki, ƙato biyu ba sa fizgo shi, sai dai wutsiyar ta sale musu hannu. Ni ban ƙaryata ba.

Malama Hadiza: Baba, a gafarce ni. Riƙe kogo daban, ɗaukar namiji da takobinsa a kan tsayayyen dutse daban. Kuma wa ya gaya wa damon inda zai tsaya? Yaƙin dai an yi shi. A 1665 Shibaji ya sallama wa daular Mugal ganuwa 23 a sulhun Purandar, har da wannan, lokacin ana ce mata Kondhana. Bayan shekara biyar Tanaji ya hau ta gefen da masu gadi suka raina saboda tsayinsa, ya gwabza da Udaybhan Rathod mai riƙe wa Mugal ganuwar, dukansu biyu suka kwanta dama, Suryaji ɗan'uwan Tanaji ya ƙarasa aikin. Damo kuwa a bakin maroƙa ya shahara.

Ɗan Zariya: To Malama, igiyar wa ya kai ta sama?

Malama Hadiza: Mutum. Mayaƙan Tanaji 'yan yankin Mawal ne, a cikin duwatsun nan aka yanke musu cibi. Ɗaya ya hau, ya sako wa saura. Abin da ke ba ni haushi, an ƙwace wa wannan bawan Allah jarumtarsa an ba ƙadangare.

Baba Maharbi: Damo kike ce wa ƙadangare? Sarkin haƙuri guda?

Na Gwammaja: Ku bar Baba da damonsa. Ni tambayata, bayan duk wannan jini, Aurangzeb sarkin Mugal ya sake karɓe ganuwar a 1703, Turawan Ingila suka ci ta a 1818. Su da wace dabba suka hau?

Baba Maharbi: Turawa da igwa suka zo, yaro. Mai igwa ina ruwansa da damo.