Shirin bincike na dogon hutu: in je ko in zauna a rumfar Baba?

Ɗan Mile 12:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina aji biyu a UNILAG (Jami'ar Legas), maikurobayoloji wato ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta nake karanta, to an ɗauke ni wani shiri na sati shida a dogon hutun nan, bincike a lab da safe sannan horon shugabanci da yamma. Matsalar ita ce duk hutu ni ke riƙe wa Baba lissafi a rumfarsa ta albasa, in mota ta iso daga Aliero da asuba ni ke ƙirga buhuna, kuma a shirin abin da za a ba mu kuɗin mota ne kawai. Har yanzu na kasa faɗa masa. Wanda ya taɓa yin irin wannan ya gaya min gaskiya, akwai abin da ake samu ko satifiket ne kawai?

'Yar Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ka je, wallahi ka je. Ni na yi nawa a 2024, shekarar da kwalara ta ɓarke a Legas cikin watan Yuni, shi ya sa malamar da ke kula da mu ta ce aikinmu ruwan sha ne. Kullum da sassafe mu ɗauki kula mai ƙanƙara a ciki mu shiga lungu, mu ɗibi ruwa a bakin bohol, mu ɗiba a jarkar ɗan garuwa, mu ɗiba a randar gida, a rubuta lokaci da wuri a jikin kowace kwalba sannan a garzaya lab don samfur ba ya son daɗewa, ga ruwan sama ga gosulo.

A lab za ka tace mililita 100 ta wata 'yar takarda mai ƙananan ƙofofi, ka ɗora ta a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta, ka sa a inkubeta (akwatin ɗumi) awa 24, washegari ka zo ka ƙirga ɗigo-ɗigon ƙwayoyin da suka tsiro. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu E. coli, ƙwayar da ke nuna kashi ya gurɓata ruwa, ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha. Shekara biyu ina haddace wannan don jarrabawa amma sai ranar da na ɗaga farantin ruwan randar layinmu na ga ya cika, jikina ya yi sanyi, don ruwan da ƙannena ke sha ke nan. Kuma abin mamaki na bakin bohol ɗin da sauƙi sosai, tsakanin jarka da randa da moɗa ne yake lalacewa.

Shugabancin kuma da na ɗauka lakca ce kawai, ashe cewa aka yi mu koma wa mutanen da muka ɗibi ruwansu mu faɗa musu abin da muka gani. A rukuninmu ni kaɗai ke jin Hausa, 'yan garuwan kuwa kusan duk mutanenmu ne, dole ni na tsaya gabansu bayan la'asar muryata na rawa. Wani dattijo ya ce 'yata so kike ki kashe mana sana'a? Na ce a'a Baba, na nuna masa hoton farantin a waya, na ce jarkar ce ke son wanki da sabulu da ɗan bilic, kuma a riƙa rufe ta. Ya daɗe yana kallon hoton. Har yau in ya gan ni sai ya ɗaga min murfin jarka in gani.

Kawu na Agege:
Yaro ni ɗan kasuwa ne kamar mahaifinka, ka ji abin da zan ce. Kada ya ji a bakin wani. Ka ɗauki takardar da suka ba ka, ka same shi bayan isha in ya huta, ka karanta masa, kuma ka zo da mafita a hannunka: wa zai riƙe littafi ranakun aiki, kai kuma Asabar da Lahadi kana rumfa. Mutumin da ya biya maka kuɗin makaranta da kuɗin albasa ba zai ƙi ci gabanka ba, barinsa da aiki ba shiri ne ba zai so ba.

Malama Ebute Metta:
Ƙari kaɗan. Ka tambaya tun yanzu wa zai kula da kai kuma ko za ka taɓa kayan aiki da hannunka, don na san wadda ta yi sati shida tana wanke kwalabe kawai. Kuma kada ka ɗauka zai maye maka SIWES, wato horon sanin makamar aiki da jami'a ke tura ɗalibai, wannan daban ne, sai ka tambayi sashenku. Amfaninsa shi ne in lokacin SIWES ya zo kana neman wuri irin cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba ko cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO a Oshodi, kana da malamin da ya san aikinka zai rubuta maka wasiƙa. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi ka riƙa rubuta komai da kwanan wata, har gwajin da bai yi ba.

Ɗan Mile 12:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu na bi shawararka, jiya da dare na yi wa Baba magana, ya ce ƙanina zai riƙe littafin amma in fara koya masa daga gobe. Anti 'Yar Idi-Araba dan Allah farar rigar lab su ke bayarwa ko in saya a Yaba kafin Litinin?