Wa ke da ikon dawo mana da wake daga bakin ruwa?

Ɗan Kongolam:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana. Ƙungiyarmu ta manoma a ƙasar Daura tana tara wake da riɗi da zoɓo, tana sayar wa masu fitar da kaya waje ta Dawanau. Bana masu sayen sun zo da sharuɗɗa: ba fiya-fiya, ba shanya a ƙasa, kuma sai an ɗauki samfur an kai awo kafin su biya. Wai Turai ce ta ce. To ina amfanin yarjejeniyoyin cinikin da ake sa wa hannu, in har kowace ƙasa za ta iya rufe ƙofarta da sunan lafiya? Kuma in su suna da wannan iko, mu me ya hana mu tare gurɓataccen kaya da ke shigo mana? Allah ya saka da alheri.

Malamin Gona, Katsina:

Wa alaikumus salam, Malam. Yarjejeniyar ciniki kuɗin fito take ragewa, ba ta ƙwace wa ƙasa ikon kare lafiyar mutanenta da dabbobinta da shukarta ba. Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wadda Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabanta tun 2021, tana da yarjejeniya ta musamman a kan haka, ana kiranta SPS, ta fara aiki a 1995. Sharaɗinta shi ne matakin ya tsaya a kan hujjar kimiyya, kuma kada a nuna wariya tsakanin ƙasashe. Wanda ya bi ma'aunin Codex, hukumar tsara ma'aunin abinci ta duniya wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka kafa a 1963, ba mai tuhumarsa. Wanda ya tsananta fiye da haka, sai ya kawo hujjarsa in an tambaya.

Maganar wake ita ce ta fi zafi. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wakenmu, a 2016 ta ƙara wa'adin da shekara uku, daga baya ta sake ƙarawa. Dalili shi ne DDVP, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kowane kilo, abin da suka riƙa samu kuwa daga 0.03 ne har zuwa 4.6.

Ga lissafin da nake so kowane mai sito ya riƙe. Buhu ɗaya mai kilo 100, in yana ɗauke da 4.6, miligiram 460 ke nan a cikinsa. A gauraya shi da wasu buhuna 299 masu tsabta wajen tankaɗe da sauya buhu, a samu tan 30, lodin tirela guda. Raba 460 a kan kilo 30,000, za ka samu 0.015. An wuce iyaka. Mutum ɗaya ya yayyafa magani a ɗakinsa, ya ja wa sauran duka. Shi ya sa mai saye ke tsorata da waken da aka tattaro tiya-tiya a kasuwar Mai'adua ko Mashi ba a san hannun da ya fito ba.

Mafita kuwa ba ɓoyayyiya ba ce. A busar da wake a kan tamfol har ya riƙa fashewa ƙaras in an ciza. A sheƙe shi, a tsince ɓarɓashi. A zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Kafin a zuba, a hura kowace leda a matse ta a ga ko tana sace iska. A matse iskar da ta rage, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan na waje daban. Ƙwaron yana shaƙe iskar da ke ciki ya mutu, ba ɗigon magani. Abin da ke ɓata shi uku ne: ɓera ya huda, a riƙa buɗewa ana ɗiba, ko a zuba wake da sauran laima ya yi gumi a ciki. A jera buhunan a kan katako, kada su jingina da bango.

Mai babban sito da zai yi turare da ƙwayar fostoksin, aikin wanda ya koya ne. Ana sa ta a ƙarƙashin tamfol da aka danne gefensa ruf, a bari mako guda, a buɗe ya sha iska, a kwashe tokar ƙwayar a binne. Ba a jefa ta tsirara cikin buhu, kuma ba a yi a gidan da mutane ke kwana. Iskarta tana kisa.

Hajiya Mai Awo:

Malam ya gama da wake. Bari in ɗora a kan sauran, don kowane kaya da abin da ake nema a jikinsa.

Riɗi, abin da Turai ta fi dubawa shi ne ƙwayar cutar salmonela, kuma daga kashin tsuntsu da ɓera da ƙadangare da kaji take shiga. Wurin shigarta a bayyane yake: an yanke riɗi an jingina dami-dami a gona yana bushewa, an zo an kakkaɓe a kan ƙasa tsirara, an share da tsintsiya an kwashe har da yashi. Tankaɗe zai fitar da yashin, ba zai fitar da cutar ba. A kakkaɓe a kan tamfol mai tsabta, a sa a sabon buhu, ban da buhun da ya taɓa ɗaukar taki ko abincin kaji. Japan kuma, wadda ke cikin manyan masu sayen riɗinmu, ragowar maganin ƙwari take bi, kuma tun 2006 duk maganin da ba ta yanke masa iyaka ta musamman ba, 0.01 ne hukuncinsa. Don haka kada a ajiye riɗi a siton da aka yi feshi.

Zoɓo matsalarsa ƙwaron sito ne. Shekarun baya Meziko, babbar kasuwarsa, ta dakatar da saye daga Najeriya saboda ƙwaron da aka gani a cikin kaya, farashi ya faɗi har ƙauye. Ƙwaron yana laɓewa a tsagar bango da ɗinkin tsohon buhu, yana iya daɗewa ba ci. Kafin sabon kaya ya shiga, a share sito tas, a liƙe tsaga, a ƙone shara. NAQS, hukumar Najeriya mai kula da lafiyar kayan gona masu shiga da fita, ita ce ke dubawa ta ba da takardar lafiyar tsirrai, kuma ba a fita da kaya ba tare da ita ba.

In kuna taɓa gyaɗa ko masara, to ga aflatoksin, dafin da funfuna ke bari. Turai tana karɓar mikirogiram 4 a kilo (mikirogiram dubu ne miligiram ɗaya) ga gyaɗar da za a ci kai tsaye, 15 ga wadda za a sake tsincewa. Amurka 20 take karɓa. Dafin ba ya bazuwa daidai a cikin kaya, ƙwaya kaɗan ce ke ɗauke da mafi yawansa, shi ya sa dunƙulen hannu ɗaya daga bakin buhu ba samfur ba ne. A babban lodi, daga wuri 100 suke ɗiba su haɗa kilo 20 su niƙa. Tun daga gona ake tarar abin: Aflasafe, maganin rigakafin wannan dafi wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ƙwayar dawa ce mai shuɗin launi, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, lokacin da ƙasa ke da laima. Bayan an cire gyaɗa a kifar da ita 'ya'yan suna kallon sama, a busar da wuri, a tsince ruɓaɓɓiya da motsattsiya da wadda fartanya ta sara.

Abin da ke damuna shi ne inda tsintar take zuwa. Mai kyau ta tafi jirgi, wadda aka ware ta koma ƙuli-ƙuli da tunkuza da abincin kaji. Suya ba ta kashe aflatoksin, kuma hanta yake ci. 'Ya'yanmu ne ke cin abin da aka ƙi.

Baban Zainab, Kofar Ƙaura:

Na yarda da Malam da Hajiya a kan aikin sito, amma kada a ɗauka kowace iyaka daga likita ta fito. Wannan 0.01 ɗin ba wai an auna an ga daga nan guba ke farawa ba ne. Lamba ce da Turai ke sa wa duk maganin da ba ta amince da shi ba, kusan ƙaramin abin da na'ura ke iya gani. Akwai hanyar neman a yanke wa wani magani iyaka ta musamman saboda kayan da ake shigarwa, sai dai tana buƙatar bayanan gwajin gona masu tsada, kuma kamfanin magani ba ya kashe kuɗinsa a kan amfanin gona irin wake da zoɓo. Mu kan rasa ne tun a wurin zaman da ake yanke lambar, don wanda bai kai bayanai ba ba a jin ta bakinsa.

Manyan ma suna wannan rigima. Turai ta hana naman shanun da aka ba sinadarin ƙara girma daga 1989. Amurka da Kanada suka kai ƙara gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, a 1998 aka yanke cewa hujjar Turai ba ta cika ba. Turai ta ƙi janyewa, ta gwammace Amurka ta ɗora wa kayanta harajin ramuwa na kusan dala miliyan 117 a shekara. Mai ƙarfi yana iya sayen matsayinsa, mu ba mu da wannan aljihun.

Sai maganar da ya kamata wakilanmu su riƙa ɗagawa a kowane zama. Akwai magungunan da Turai ta hana a gonakinta, irin su farakwat da atirazin masu kashe ciyawa, amma kamfanonin can sun ci gaba da sarrafa irinsu suna sayar wa ƙasashe irin namu. A sayar maka, ka fesa, a ƙi kayanka. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla, wannan ya shiga cikinta a rubuce, tare da tallafin ɗakunan awo da lokacin shiri kafin sabuwar iyaka ta hau.

Muhalli ma ya shigo ciki. Dokar Turai ta 2023 a kan sare daji ta shafi shanu, koko, kofi, manja, roba, katako da waken suya: kada kayan ya fito daga filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020, kuma sai an ba da lambobin taswirar gonar. An ɗage ranar fara aiki da ita, amma masu waken suya a Funtuwa da Bakori su fara ɗaukar lambobin gonakinsu da waya. Wake da riɗi da zoɓo ba sa ciki.

Tambayarka ta biyu, Malam: muna da ikon, daidai da nasu. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019, tana cire fito a kan kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kaya, kashi 7 a hankali, kashi 3 kuma ƙasa tana iya keɓewa, kuma tana da nata babin na lafiyar abinci da tsirrai. Tana da dokar asalin kaya, wadda ke nufin shinkafar Tailan da aka sauya wa buhu a maƙwabta ba ta zama 'yar Afirka ba. Amma akwai ƙaya: ba za ka ɗora wa kayan waje ma'aunin da ba ka ɗora wa na gida ba. In ka tare masarar wani a Jibiya saboda aflatoksin alhali ba a auna ta Dandume, ƙararka zai kai kuma zai yi nasara. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 bai auna ko buhu ɗaya ba, hanyar daji kawai ya raya.

Ɗan Kongolam:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Hajiya, ƙungiya mai mutum kamar 60, da me za mu fara a kakar bana?

Hajiya Mai Awo:

Da littafi da alƙalamin rubutu a buhu. Kowane manomi a ba shi lamba, kowane buhu ya ɗauki lambar da ranar da ya shigo. A littafin a rubuta maganin da ya fesa, da ranar feshin ƙarshe, da ranar girbi, don kowace kwalba tana ɗauke da kwanakin da za a jira kafin a girbe. Ku raba kayan rukuni-rukuni, kamar buhu 50, kada ku gauraya sai sakamakon awo ya fito. Wajen ɗibar samfur a soka daga sama da tsakiya da ƙasan buhuna da yawa, a cakuɗa, a raba uku: ɗaya na ɗakin awo, ɗaya na mai saye, ɗaya ku liƙe ku ajiye saboda ranar gardama. Ku tambayi mai sayen tun yanzu wace ƙasa kayan za su, kuma wane ɗakin awo ya yarda da shi, a rubuta cikin takardar ciniki tare da ƙarin da zai biya a kan buhun da ya tsallake. Tamfol da buhunan PICS kuma ku saye su a dunƙule kafin Oktoba, lokacin da kowa ke nema.